Motar da Ba Ta Son Zama

Motar Baba Tela ta koyi sabon hali. Wata rana ta tafi sumul, wata rana sitiyarin ya riƙa karkarwa a hannunsa kamar mai zazzaɓi. Da ya kai ta gareji can ƙarshen gari kuwa, sai ta nutsu kamar ba ita ba. Makaniken ya ɗaga ta a jak, ya girgiza tayoyi, ya ƙara ɗaure noti, ya zagaya da ita, ya dawo ya ce, "Baba, lafiyarta ƙalau."

Tsohon bai ji haushi ba, daɗi ma ya ji. Autansa makanike ne, amma tun da aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari mai nisa, shi da matarsa da 'yarsu, wayarsu ta koma "Ya jiki, Baba? Zan kira ka anjima." Anjimar nan kuwa ba ta zuwa. Kewarsu ta hana shi jin daɗin abinci, amma ko za a yanka shi ba zai ce "ku zo" ba. Yanzu faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ya zauna a kan kujerar keken ɗinkinsa, ya kira.

"Auta, motar nan rawa take. Sai ka zo ka gani da idonka."

"Idan ka taka birki take yi?"

"A'a."

"To ba birki ba ne. Tana ƙugi idan ka sha kwana?"

"Ba ta ƙugi."

"Ka faɗa rami? Ko taya ta yi ƙulu?"

"Ni da nake tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai?"

Auta ya yi dariya. Rabon tsohon da ya ji dariyar nan har ya manta, sai ya shiga jan zancen, yana ƙara wa rawar gishiri.

"Tsaya, Baba. Da ka tashi take yi, ko sai ka yi nisa?"

"Da na tashi. In na ɗan taɓa tafiya sai ta daina."

"Kafin nan, yaushe rabonka da fita da ita?"

Baba Tela ya leƙa ta taga. Ga motar a ƙarƙashin rumfa, ganye ya taru a gilashinta. A kujerar baya har yanzu akwai ƙaramin matashin da ya ɗinka wa jikarsa, lokacin da yake kai ta makaranta kowace safiya tana ce masa mijinta mai rowa.

"An kwana biyu," ya ce. "Ina zan je?"

"Zama ne ya yi mata yawa," in ji Auta, muryarsa ta yi ƙasa. "In mota ta daɗe a tsaye, inda taya ta taka ƙasa sai ya baje. Sai ta yi tafiya ta ɗau zafi take komawa daidai."

"Wato ba sai ka zo ba." Tsohon ya ji dalilinsa ya zube, ransa ya sosu.

Can ya jiyo muryar jikar daga nesa tana tambayar da wa ake magana.

"Baba," in ji Auta, "ka duba mai da ruwa, ka sa a ƙara mata iska. Doguwar tafiya ce maganinta. Gobe ka taho mana da ita."

Baba Tela ya goge ido da bakin riga.

"Ka ce wa matar tawa ina tafe da matashinta."