Dedei da Littafi na Biyar

Lamiley ta juya ta harari 'yan matan da ke bayanta a cikin bas. "Duk wadda ta faɗi wanda ya mutu a littafin nan, wallahi a nan Kaneshie zan sa direba ya sauke ta." Suka ƙyalƙyale da dariya, suka canza hira.

Littafin na kan cinyarta, ko ledarsa ba ta ɓare ba. Shi ne na biyar, na ƙarshe, kuma shekara tara ke nan ita da yayarta Dedei suna jiran fitowarsa. Huɗun farko a shagon ɗinkinsu suka karance su, ɗaya na karatu, ɗaya na taka keke. Yanzu Dedei na kwance a asibiti da ciwon hanta. Jiya likita ya ja Lamiley gefe, ya ce ya kamata 'yan uwa na nesa su fara zuwa.

"Kin leƙa a hanya," in ji Dedei tana ganin ta.

"Ga leda nan, Yaya, shafa ki ji."

Dedei ta shafa. Ta yi ƙoƙarin ɗaga littafin, hannunta ya kasa. "Wannan ai bulo ne. Shafi nawa?"

"Ɗari shida da arba'in."

Dedei ta kalli silin. "Buɗe mini babin ƙarshe. So nake in san ko matuƙin jirgin nan ya koma wurin matarsa."

"Ke da kika yi sati ba ki kula ni ba don na leƙa ƙarshen na uku?"

"Lokacin ina da satin zubarwa."

Lamiley ta ɓare ledar, ta buɗe daga baya. Ta gyara tabarau, amma rubutun ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ta goge idonta da bakin zane, ta karanta layi uku.

"Tsaya," in ji Dedei. "Wace ce kuma Adukwei?"

"Ni ma ban san ta ba."

"Shekara tara, sannan a kawo mini baƙuwa a ƙarshe? Koma farko. Sai na ji daga inda ta ɓullo."

Tsohuwar da ke gadon kusa, wadda tun kwanciyar Dedei ba ta ce da kowa uffan ba, ta ɗago kai daga matashi. "'Yar nan, ɗan ɗaga murya. Ni ma jiransa nake yi."

Dedei ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Lamiley ta ba ta ruwa, ta jira numfashinta ya daidaita. Sannan ta ja kujerarta tsakanin gadajen biyu, ta buɗe shafi na ɗaya.