Tawadar Alida Ba Ta Zuba

Takardar gwaji ta fito daga bakin firinta a hankali, Alida Bosma ta tare ta da yatsu biyu ta nufi taga. Ko tabarau ba ta nema ba. Inda ya kamata layuka su jeru tsaf, kala takwas, kowace a gurbinta, sai giɓi ko'ina kamar bakin tsohuwa. Rawaya ta fito rabi da rabi, baƙi ya yi dabbare-dabbare, shuɗi mai haske kuwa ko ɗigo babu. Tawada ta bushe a cikin kan firintar, wato ɓangaren da ke fesa ta a takarda.

Ta ja dogon tsaki ta zauna. Yau Talata, jibi Alhamis da ƙarfe goma na safe za a binne maƙwabcinta Evert Kuiper, kuma ita da bakinta ta yi alkawarin kawo hotonsa a ɗora kan akwatin gawa.

Da wata ce wannan ya samu da sauƙi, amma ban da Alida. Shekara talatin da huɗu ta yi tana wankin hoto a Groningen, har wayar hannu ta zo ta rufe musu shago. Duk amaryar da aka ɗauka a unguwar, ta hannunta fuskarta ta bi. Da ta tashi sayen firinta ta gida, wata uku ta kwashe tana bincike, ranar da ta shiga kanti kuwa sai da mai sayarwa ya raina kansa.

"Madam, ga wata nan komai tana yi. Ta buga, ta kwafa, ta aika saƙo."

"Bawan Allah, ni ba sakatariya na zo nema ba. Tawadarta ta ruwa ce ko ta gari?"

Ya tsaya yana sosa ƙeya, ita kuwa ta karanta masa darasi kyauta. Ta ruwa akwai ƙyalli ranar farko, amma shekara kaɗan a bango sai ta koɗe. Ta gari kuwa sai mai hoton ya mutu ya bar ta. Aibinta ɗaya, ba ta son zama. Ƙofofin da take fitowa sun fi gashin kai siranta, in aka bar su mako biyu ba aiki sai su toshe. Don haka Alida ta kafa doka: duk mako sai an buga wani abu. Babu wanda ta taɓa sha da shi kofi bai ji wannan doka ba.

Shekara shida, Evert ne ya riƙe mata dokar. Tsohon mai buɗe wa jiragen ruwa gada ne, matarsa ta rasu, ya sayi kyamara ya koma bin tsuntsaye a bakin ruwa. Ƙofarsa na kallon tata a hawa na uku, taku bakwai tsakani. Kowace Laraba ƙarfe goma zai danna ƙararrawa da katin kyamara a aljihu. Ta zuba kofi, ta buɗe gwangwanin biskit kowa ya ɗauki guda, ta mayar ta rufe. Shi ya kushe kofinta, ita ta kushe hotunansa, firinta na ta aikinta.

Mako shida da suka wuce ne ya zo hannu rabbana, ruwan sama ya hana shi fita. Ita kuma ta sayo sabuwar takarda tana son gwadawa, sai ta zaunar da shi bakin taga ta ɗauke shi da kyamararsa. Da hoton ya fito ya riƙe shi nesa da fuska, ya ɓata rai.

"Maƙwabciya, wannan ni ne ko tumatir?"

"Kai ne mana. Ka taɓa ganin tumatir da gashin baki?"

"Kin mai da ni mashayi! Shekara ashirin rabona da kwalba."

"Firintata ba ta ƙarya, Evert. Fuskar da ka kawo ita ta ba ka. Iskar gada ta gasa ka shekara arba'in, yau ka zo ka ɗora wa injina?"

"Injin nan ba shi da lafiya."

"Idonka dai. Ka koma wajen mai tabarau."

Ya miƙe ya bar rabin biskit a faranti. "Kwandon shara zan jefa shi. Kuma ni da gidan nan sai kin gyara ta."

"A sauka lafiya. Ka ja mini ƙofa."

Laraba ta zagayo bai zo ba. Ta dafa kofi na mutum biyu ta shanye abinta. Ta gaba ma haka. Ta rantse a ranta ba za ta kunna firintar ba sai ya zo da ƙafarsa ya ba ta haƙuri. Ta ga takardun talla sun cika akwatin wasiƙunsa a ƙasan bene, ta ce lalaci ne. Ta ga labulensa bai motsa ba, ta ce fushi ne. Mutum mai mutunci ba ya ƙwanƙwasa wa wani ƙofa ba tare da an sa rana ba, haka aka tarbiyyantar da ita, haka aka tarbiyyantar da sauran mutum goma sha ɗaya da ke hawa wannan matakala kullum. Mai wankin tagogi ne ya ga ƙudaje ta cikin gilashi ya kira 'yan sanda. Likita ya ce ya kai mako biyar a kwance a ɗakin girki.

* * *

Jiya Litinin Mista Terpstra ya zo, wani dogon mutum mai sanyin murya daga ƙaramar hukuma, wanda aikinsa ke nan, binne waɗanda ba su da kowa.

"Akwai ɗa guda a Zwolle," in ji shi. "Mun same shi ta waya. Ya ce mu yi abin da ya dace, shi ba zai samu zuwa ba."

"Zwolle? Tafiyar awa ɗaya a jirgin ƙasa?"

Mista Terpstra ya kalli hularsa. "Akwatin a rufe zai kasance, Madam Bosma, kin gane dalili. Gidan ma an rufe, duk abin da ke ciki zubarwa za a yi. A irin wannan jana'iza fure kawai muke ɗorawa, don yawanci babu mai hoto."

"Wannan akwai," ta ce, ta ɗaga haɓa. "Ba za a binne Evert ba fuska ba. Ni zan buga, kuma ba ka taɓa ganin irinsa ba."

To ga shi yau firintar ta ƙi. Ta sa ta wanke kanta da kanta, sau ɗaya, sau biyu, injin ya yi ta gurnani yana shan tawada. Rawaya ta dawo, baƙi ya daidaita, shuɗi mai haske ya ƙeƙasa ƙasa. Ba ta yi na uku ba, wannan aikin 'yan koyo ne, asarar tawada kawai. Ta naɗe hannun riga, ta cire wuta, ta ninke takardar goge hannu ta jiƙa ta da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ta shimfiɗa a hanyar kan firintar, ta turo shi da hannu a hankali har ya hau kai. Saura jira, busasshiyar tawada ba ta san gaggawa ba.

Da tsakar rana 'yarta Lieke ta kira daga Utrecht, tana magana tana taunar burodi.

"Mama, kina wahalar da kanki. Ki je kantin magani mana, akwai injin da ke bugawa a minti ɗaya."

"In kai fuskar Evert wurin injin da ke jingine da sabulun wanka? Ya fito mini da shi kore kamar kabeji?"

"Wa zai gani, Mama? Ke kaɗai ce fa za ki je."

"Ni zan gani."

"To shi ke nan. Abin dai ba daɗi, mutum ya mutu ba wanda ya sani. Ni na rasa waɗanne irin mutane ne 'ya'yan zamanin nan." Alida ta ji ƙarar buɗe shafi. "Na duba littafina, Asabar ta ƙarshen watan gobe ba ni da komai. In rubuta ki, in zo in gan ki?"

"Rubuta ni," in ji Alida.

Don ta rage zaman jira ta ɗauko fayil ɗin takardun gwaji. Ko ɗaya ba ta taɓa yarwa ba, kowace da kwanan wata a kusurwa. Ta tsaya kan ta ƙarshe, ta ranar rigimar, wadda ta yi wa kallo ɗaya a tsaitsaye don kofi na tafasa. Ta ɗora mata gilashin ƙara girma. A layin shuɗi mai haske akwai giɓi uku, ƙanana ƙwarai, amma suna nan.

Jikinta ya yi sanyi. In shuɗi ya ragu, ja ne ke cinye fatar mutum. Ita ta koya wa ma'aikata wannan shekara da shekaru. Firintar ta fara ciwo tun ranar, tsohon mai gada ya gani da idonsa, ita gwana ta tura shi wajen mai tabarau. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba, don babu sauran wanda za a ba haƙuri. Ta kifa kai a kan fayil ɗin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fito da shi.

* * *

Laraba da safe ta zare takardar, ta fito jiƙe da shuɗi. Gwajin farko saura giɓi biyar. Ta sake jiƙa wata, ta ba ta awa biyu. Gwaji na biyu ya fito cif, kala takwas, ko layi ɗaya bai yanke ba. Ta duba da gilashi sau biyu kafin ta yarda.

Ta sa safar hannu ta fari, ta zaro takardar auduga marar ƙyalli, wadda take ɓoyo don babban aiki, ta kama ta ta gefe ta saka. Ta tura mata hoton nan na ranar rigimar, agogon coci na buga goma firintar ta fara ja. Farin gashi ya fara fitowa, sai goshi, sai idanun nan masu ƙanƙancewa na mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hangen jirgi daga nesa. Fatar ba ja ba ce, launin ɓawon burodi ce, da 'yan jijiyoyi a kumatu. Ana iya ƙirga gashin bakinsa. A gefen leɓe kuma ga wannan ɗan murmushin na wanda ke shirin cewa kofi ya yi ruwa.

Alida ta shimfiɗa shi kan tebur ta ja da baya, hannu a ƙugu. Ta san aiki in ta gan shi. A duk shekarunta ba ta taɓa fitar da fuska kamar wannan ba, kuma ba ta ji nauyin faɗa wa kanta haka ba.

Dokarta ita ce hoto ya sha iska kwana guda cur kafin ya shiga gilashi. Ranar Alhamis ta saka shi a firam da ƙarfe tara, saura awa ɗaya ya cika. Wannan ne karo na farko da ta rage wa hoto lokaci.

Ɗakin jana'izar kujera arba'in ne. Ita ta zauna a ɗaya, Mista Terpstra a ɗaya, sai 'yan haya huɗu masu ɗaukar akwati a tsaye a baya cikin baƙaƙen kwat. Ta jingina hoton a kan akwatin, ta gyara shi yadda hasken taga ba zai haska gilashin ba. Babban cikin masu ɗaukar, wani mai furfura, ya matso ya cire hula.

"Kai! Kamar zai yi magana."

"Kar ka ja shi," in ji Alida. "In ya fara ba ya dainawa."

"Wane shago ne ya buga wannan, Madam?" Mista Terpstra ya tambaya.

"Ni ce shagon."

Aka sa waƙa guda, aka yi shiru na minti ɗaya. Kafin su ɗaga akwatin ta dafa murfin ta sunkuya. "Ka fi ni gaskiya, maƙwabci," ta ce ƙasa-ƙasa. "Na gyara ta."

* * *

Ana yayyafi ta dawo a kan kekenta, hoton a jaka cikin leda. A ƙofar bene ta tarar da ƙaton kwandon ƙarfe na kwasar shara, mutum biyu da takunkumi a hanci suna ta sauko da kaya daga hawa na uku. Katifa, tukwane, takalman ruwa. A kansu kuma hotunan tsuntsaye, ɗaruruwa, sun watsu ko'ina: agwagi, zalɓe, shamuwa a kan bututun hayaƙi. Laraba ɗari uku na aikin hannunta.

Can sama ta hango wani firam, sabo, ko takardar kanti ba a ɓare daga kusurwarsa ba. Gilashin ya tsage. Jar fuskar nan ce a ciki, ta tumatir, wadda ya ce kwandon shara zai jefa.

"Wannan a ina kuka same shi?" ta tambayi ɗaya daga cikinsu.

Ya janye takunkumi. "Kan teburin cin abinci, Madam, jingine da gwangwanin sukari. Kin san shi ne?"

Ruwa ya ƙaru, yana bi ta tsagar gilashin yana gangarowa kan kumatun Evert, yana dukan fuka-fukan tsuntsayen. Alida ta tsaya riƙe da keke, idonta na ma'aikaciya yana bin takardun ɗaya bayan ɗaya, tana jiran ta ga inda launi zai zuba. Ko guda bai zuba ba.