Karan da Ba a Jiƙa Ba

Murhun wata mai abinci da gas yake aiki, gas ɗin kuwa daga tankin tsakar gida yake fitowa, inda kashin shanu da karan masara suke ruɓewa. Ƙa'idarta ɗaya ce: a daddatsa kara, a jiƙa shi kwana uku a ruwan toka, sannan a zuba.

Da ta yi tafiya, mijinta ya ce ɓata lokaci ne, ya danna karan cikin tankin ɗungurungum.

Ranar da ta dawo, leburori goma na jiran abincin rana, murhu ya ƙi kamawa. Ta leƙa tanki, ga kara nan a sama, ko laushi bai yi ba.

"Maigida, ai kai ma sai ka tauna kake haɗiyewa," in ji ta.

Ta ba leburorin haƙuri, shi kuma ta miƙa masa adda.