Torgom a Cikin Randar Kakansa

Mijina Torgom ya maƙale a cikin karas ana gobe za a tsinki inabi. Karas ɗin randar kakansa ce, binne a ƙasa har wuya, sai da aka kafa ta sannan aka gina gidan a kanta. Duk shekara shi ke shiga ya wanke ta, ya shafe ta da kakin zuma kafin a zuba ruwan inabi. A waccan shekarar ma da ƙyar ya kutsa, ni kuma, don neman suna, na miƙa masa abincin rana yana ciki: burodin lawash huɗu, cuku, da gasasshen naman rago. Da ya tashi fita, tumbi ya ce bai san zancen ba.

Maƙwabta suka mulke shi da man shanu, suka ja har hannun rigarsa ya fita shi kaɗai. Na ce a kawo guduma. Surukata Arshaluys ta ja kujera ta zauna a bakin randar, ta ce mai gina irin wannan ya mutu tun tana amarya.

"'Ya'ya maza uku gare ni, yarinya. Randa ɗaya ce."

Abin haushi, Torgom ya goyi bayanta daga ciki. Wai a hana shi abinci har ya rame. Haka kuwa aka yi. Inabi na jibge a kwanduna yana tsami, rina na shagali, tsofaffin gari na zuwa hira da kan mijina. Fadan coci ma ya leƙo, ya ce littafi bai faɗi komai a kan wannan ba. Ni dai kuka nake ina zagin kowa, har marigayin kakan.

Rana ta biyar na kai masa ruwa, na tarar ya daina barkwanci. Uwar na tsugune kusa da shi.

"Inna," in ji shi a hankali, "ba na jin ƙafafuna."

Ba ta kira kowa ba. Da kanta ta ɗauko gudumar, bugu uku wuyan randar ya dare. Muna zaro shi, ita tana tsince tsingaron a gaban rigarta, ta hana kowa taɓawa. Inabin da ya tsira muka rarraba a randunan maƙwabta.

Shekara uku ke nan ba ta ƙara kai ruwan inabi bakinta ba. Amma kullum aka zauna cin abinci, ita ke cika wa Torgom kwano, ta ce ya ci, ai ba sauran inda zai shiga.