Bakin Ganyen Ya Ƙone

"Mama, me ya sa ke sau ɗaya kike ba wiwin nan abinci, Kaka kuma sau biyu yake ba su?"

Busaba tana durƙushe tsakanin layukan shukar, riƙe da ganye ɗaya. Ba ta ɗago ba. Fai, 'yarta mai shekara biyar, tana tsaye a bakin rumfar leda, daidai jan layin da aka hana ta tsallakawa.

"Koma inuwa ki ƙarasa shinkafarki."

Amma Inna Lamyai, shugabar ƙungiyar manoman ƙauyen, ta riga ta ji. Ta yi fifita da hularta tana dariya.

"Bakin yarinyar nan ya fi lasifikar mai gari. Ni dai na faɗa miki, yunwa ce. Ƙara musu taki mu huta."

"Inna, mai yunwa daga ƙasa yake somawa. Tsofaffin ganye su yi rawaya, su zube. Dubi wannan."

Ta miƙa mata ganyen. Tsakiyarsa kore ne har ya yi duhu, yana sheƙi. Bakin kowane yatsa kuwa ya bushe ya koma ruwan ƙasa, ya lanƙwashe ƙasa kamar farcen kaza. Da ta murza, sai ya ruguje. Ta tsoma ma'aunin ƙarfin taki a kwatar da saiwoyin ke lilo cikinta, domin shukar nan ba ta san ƙasa ba, a ruwa take rayuwa. Lambar ta kusa ninka wadda ta bari jiya.

Inna Lamyai ta daina fifita. "Saura kwana tara mutanen asibiti su zo dubawa."

"Na sani, Inna."

Ta sani fiye da kowa. Shekara guda suka yi suna bin takardar izinin noma wa asibitin Sakon Nakhon wiwin magani. In aka ƙi wannan amfanin, rumfar ta mutu, ita kuma sai masana'antar kifin gwangwani a Bangkok, inda mijinta yake tun bara. Fai za ta zauna a ƙauye, kamar yadda ita ma aka bar ta tana ƙarama, tana ganin uwarta sau ɗaya a shekara, lokacin bikin watsa ruwa.

Ta tarar da mahaifinta, Baba Samran, a ƙarƙashin gidansu mai dogayen ƙafafun katako yana saƙa kwandon shinkafa. Tun da gwiwoyi suka hana shi shiga gona, ba shi da aiki sai wannan. Ta ajiye masa kwaɗon gwanda, ta zauna ƙasa da shi.

"Baba, ganyen rumfa yana ƙonewa."

"Na gani. Kina horar da su da yunwa. Cokali-cokali, sai ka ce maganin tari."

"Wani yana ƙara musu taki daga shuɗiyar jarka."

Bai dube ta ba. Ya ja zaren gora ya ɗaure. "Shekara hamsin ina noman shinkafa. Ba ta taɓa cewa ta ƙoshi ba."

"Shinkafa tana da ƙasa, Baba. Abin da ya yi yawa, ƙasa ta riƙe, ruwan sama ya wanke. Waɗannan ba su da inda za su kai shi. Sai su sha, gishirin takin ya hau har baki ya ƙone su."

"To malama. Kwana uku aka koya miki a birni, kin dawo kina karanta wa tsoho."

Daga gidan maƙwabta wani ya leƙo. Busaba ta haɗiye sauran maganar. In ta ce masa kada ya ƙara taka rumfar, kafin la'asar ƙauyen duka ya ji cewa 'yar Samran ta kori ubanta daga noma. Ba zai yi faɗa ba. Zai dai daina fitowa daga ƙarƙashin gidan.

Ta koma rumfa ita kaɗai cikin tsakar rana. Ta buɗe bututu, ta zubar da ruwan kwatocin goma sha biyu, ta cika su da ruwa zalla. Zufa ta jiƙa rigarta har kugu, bayanta ya riƙe. Ba ta yanke ƙonannun ganyen ba. Ba za su warke ba, amma da su za ta gane ko ƙunar ta tsaya. Daga nan ta ɗauko shuɗiyar jarkar, ta juye takin a wata, ta kai ɗakin Inna Lamyai. Ta ɗauraye shuɗiyar jarkar sau uku, ta cika ta da ruwan famfo, ta mayar inda take.

"Za ki yaudari tsoho?" in ji Inna Lamyai.

"Zan bar masa aikinsa."

"Hmm. Ranar da ya gane, ni ba na nan."

Da rana ta yi sanyi, Busaba tana bayan rumfa tana wanke wa Fai ƙafa, sai ga Baba Samran yana ɗingishi. Ta cikin ledar tana ganinsa. Ya ɗaga jarkar, ya buɗe murfin. Ya tsaya. Ya kai hancinsa, sannan ya ɗiga kaɗan a tafin hannu ya duba. Mutumin da yake gane taki daga warinsa tun kafin a haife ta.

Ya juyo, idonsu ya haɗu. Soson ya tsaya a hannunta.

"Busaba."

"Na'am, Baba."

"Wannan sabon takin naku," ya ce a hankali, "ba shi da nauyi."

"Haka ake yinsa yanzu, Baba."

Ya daɗe yana kallon ganyen da ke gabansa. Ya taɓa bakinsa, ya ga yadda ya ruguje a yatsunsa. Sai ya gyaɗa kai, ya bi layi yana zuba wa kowace kwata, da kulawa, kamar yadda ya saba.

Ko sabbin ganyen za su fito lafiya kafin kwana tara, Busaba ba ta sani ba. Ta ɗauki Fai ta saɓa a kafaɗa, duk da bayanta yana ciwo.

Ke kuma mai noman rumfa, ranar da kika ga bakin ganye ya ƙone alhali jikinsa kore shar, kada ki kai hannu ga taki. Auna ruwan tukuna. Sannan ki bincika a hankali wanda yake riga ki shiga rumfa, domin mai yiwuwa ba maƙiyinki ba ne.