Gidan Da Ake Dakan Ƙaiƙayi

Shekarar da ta biyo bayan yanke Kebbi daga Sakkwato, damina ta yi wasa da hankalin mutanen Kashin Zama. Ruwa ya sauko da wuri, kowa ya ruga ya yi shuka, sai kuma sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi. Shuka ta ƙone, aka sake wata. Kafin gero ya kai gwiwa, rumbunan mutane sun fara nuna gindi.

Abin da ya kwantar wa jama'a da hankali shi ne rumbun masallaci. Tun da kaka kowane magidanci ya kawo dami ɗaya don Allah, mai hali ya kawo biyu, aka zuba a wani babban rumbu bayan masallaci saboda irin wannan rana. Mabuɗin yana hannun liman, Malam Waliyyu, dattijo mai ƙarancin magana. Wanda ya kawo shawarar kuwa, ya bi gida-gida yana roƙo har muryarsa ta dishe, shi ne Balarabe mai albasa. Ya sani sarai, ranar da aka buɗe rumbun nan aka tarar da wayam, shi za a fara kallo.

To, Balarabe mutum ne mai zargin tsiya. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. Bana kuma zuciyarsa a kusa take, don ruwan farkon nan ya doki albasarsa a cikin rumfar karan da ya ajiye ta, ta ruɓe kafin ta ga kasuwar Jega. Bai yarda kowa ya san ya karye ba. Sai dai ya riƙa rage awon da yake fitar wa matarsa Zuhura, yau kaɗan, gobe kaɗan. Abin mamaki, akushi bai taɓa zuwa masa da rabi ba.

"Hannun Zuhura na da albarka," yake faɗa a majalisa, yana shafa ciki.

Mutumin da bai taɓa leƙa madafa ba, ina zai san bakin da mudu ɗaya ke ciyarwa?

Kaji ne suka fara tayar masa da hankali. Wata rana ya fito sallar azahar ya gan su a gindin rumbun masallaci suna ta tsattsaga. Ya tsaya. Rumbun da yake kulle tun kaka, me yake zubarwa? Ya matsa ya duba. Babu yanar gizo a ƙofa, kwaɗon ya yi sumul da shan hannu, ga sawun tsani a ƙasa ya yi rami.

Washegari bai koma gona ba. Ya raɓe bayan bishiyar darbejiya, lokacin da gari ya yi tsit, maza duk suna noma. Can sai ga Malam Waliyyu ya jingina tsani, ya hau, yana miƙo zangarniya. Mai karɓa kuwa Gudiya ce, tsohuwar nan mai tallar daddawa da kuka gida-gida. Ta shimfiɗa geron a gindin kwando, ta rufe da tsumma, ta jera kayan miyarta a sama, ta ɗauka ta wuce abinta. Kuma Gudiya ƙanwar uwar Malam ce. Balarabe ya ji kansa ya yi zafi. Wato haka ne! A zuciyarsa har ya gama ganin geron nan a kasuwar Aliero.

Ya tare Malam shi kaɗai a ƙofar masallaci.

"Allah gafarta Malam, hatsin jama'a na ga shina hita."

"Shina hita," in ji Malam.

"Zuwa ina?"

"Inda munka tara shi don ya tahi."

"Gidan wa da wa?"

"Wannan ba ni faɗi, Balarabe."

Ai kuwa kamar an watsa wa wuta kananzir. Ba ya faɗi! Balarabe ya bi mutane ɗaya-ɗaya a gona yana raɗa musu, kuma mai jin yunwa ba ya wuyar yarda da zancen sata. Bayan la'asar ta wata Laraba, kafin a watse, ya miƙe ya ce a buɗe rumbu a gaban kowa. Shi da kansa ya hau tsani ya leƙa. Ya juyo, idonsa ja.

"Jama'a, ya kusa rabi!"

Wuri ya kaure. Wannan na salati, wancan na cewa daminsa biyu ya kawo. Atiku, wanda ya fi kowa shekaru a cikin sahu, ya ɗaga sanda aka yi shiru.

"Malam, ba mu ce ka ci ba. Amma ka faɗi gidajen da ka ba, hankalin kowa ya kwanta."

Malam Waliyyu ya dubi taron. Ya dubi Balarabe, ya daɗe yana dubansa, har Balarabe ya ce a ransa kallon mara gaskiya ke nan.

"Waɗanda sunka ci, sun ci da rufin asiri," in ji Malam. "Ba ni kware musu baya don in wanke kaina."

Ya zaro mabuɗi daga aljihu ya ɗora a tafin hannun Balarabe. Kwana kaɗan bayan haka ya ɗaure littattafansa, ya ce zai kai wa ƙanensa ziyara Maiyama. Kowa ya san ba ziyara ba ce. Mutumin da aka kira ɓarawo a cikin masallacinsa, da wace fuska zai shiga gaba ya ja salla?

Balarabe ya rataya mabuɗi a wuya, ya sa aka yi shela: duk mai bukata ya zo ƙofar masallaci, a auna masa a gaban shaidu. Aka kwana, aka wuni, ko mutum ɗaya bai zo ba. Wane magidanci zai tsaya da ƙwarya a bainar jama'a, surukansa na kallo? Amma Balarabe sai ya ce, "Kun gani ko? Ashe ba wani mai yunwa, wawushe mu aka yi ta yi."

A gida kuwa abubuwa suka soma canzawa. Tuwo ya koma rabin akushi, daga nan ya koma kunu mai ruwa-ruwa. Ya tambayi Zuhura, ta sunkuyar da kai ta ce geron nan ba ya auki. Shi kuma kullum da yamma yana jin turmin gidansa na tashi daga zaure, lugude har da salo. Ana daka haka, abinci na tafiya ina? Sai zargi ya juya kan Zuhura. Ko dai fura take yi tana sayarwa a ɓoye? Ya fara yi mata kallon gefen ido.

Yana cikin wannan hali Gudiya ta same shi a gindin rumbu, ta sauke kwandonta.

"Ɗana, tunda mabuɗi na wuyanka, kai zan zo ma. Akwai gidan da abu ya kai maƙura."

"Gidan wa, Inna?"

"Malam bai taɓa tambayata ba."

"To ke wa ke gaya miki? Su ke zuwa roƙo?"

Tsohuwa ta yi tsaki. "Wa ka roƙo a garin ga? Kunne nika sawa. In na shiga unguwa da la'asar, gidan da turmi ya yi shiru, na san ba a ɗora tukunya ba. Wasu kuma kunya ta sa su dakan ƙaiƙayi, don kada maƙwabta su ji shiru. Amma turmin da ba hatsi ciki, kukansa daban ne. Shekarata nawa ina daka?"

Balarabe ya yi murmushin mugunta a ciki. Yau dubu za ta cika. Ya hau, ya sauko mata da zangarniya har ta cika gindin kwando, ya ce Allah ya ba da lada. Tana juya baya ya bi ta daga nesa.

Ba ta nufi hanyar Aliero ba. Ta ratsa bayan makarantar allo, ta tsaya ta sayar wa wata mata daddawa, ta bi ta gindin tsamiya. Balarabe ya ga hanyar ta fara yi masa kama da wadda ya sani. Ta kewaya ta bayan rumfar albasarsa da ta ruɓe, ta ɗaga wani zana da ya saki a jikin danga, ta sunkuya ta shige. Zanan nan shi ya daɗe yana cewa zai gyara.

Turmi na ta tashi a ciki. Sai dakan ya tsaya cak. Balarabe ya manna kunne a danga.

"Inna!" Muryar Zuhura ce, tana kuka. "Na ɗauka shi ke nan, tunda Malam ya tahi. Wallahi tun shekaranjiya ƙaiƙayi nika bugu. Abin da shika fitarwa ko yara ba ya isa."

"Yi shiru, ɗiyata. Zuba a turmi."

"Don Allah kada mai gida ya ji. In ya san tun farkon damina hatsin masallaci shika ci, baƙin ciki na kashe shi. Ni na roƙi Malam ya rufa mana asiri."

Balarabe ya zame ya zauna a ƙasa. Ya tuna kallon nan da Malam ya yi masa a gaban jama'a. Kalma ɗaya ta isa dattijon nan ya wanke kansa, kuma wanda zai fara kiran sunansa shi ne a tsaye kan tsani yana ihu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da uwarsa ta haife shi. A cikin gida turmi ya sake tashi, kuma ko shi da bai taɓa riƙe tabarya ba ya ji kukan ya canza.

Bayan magariba Zuhura ta kawo akushi cike, ta durƙusa ta ajiye a gabansa, tana jiran ya yabi albarkar hannunta kamar kullum. Ya buɗe. Ya gutsuri loma, ya mayar. Ya tura wa yara akushin.

"Zuhura, ki tashe ni da asuba."

"Gona za ka da wuri?"

Ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya riƙe a hannu.

"Maiyama za ni," ya ce. "In ya yarda ya dube ni."