Sallamar da Kawu Kassimu Bai Amsa Ba

Hafiza ce mai riƙe kyamara, Ashraf ne darakta, su biyun ɗaliban makarantar fim ne a shekarar ƙarshe. Gajeren fim ɗin da suka zo ƙauyen Tsamaye ɗauka shi ne jarrabawarsu. Kowa da abin da za a duba masa: Ashraf labari, Hafiza hoto. Kyamarar ta makaranta ce, gobe za a mayar, direba kuma tun safe ya ce shi ba ya bin hanyar Sabon Birni bayan faɗuwar rana. Ba wanda ya tambaye shi dalili.

Labarin na wa da ƙane ne da suke gaba a kan gona. Hafiza ce ta kawo kawunta Kassimu ya fito a wan, saboda fuskarsa. Tun tana ƙarama take kallon fuskar nan, duk tsaga da layin rana, ta san in hasken la'asar ya kwanta mata ta gefe, malamanta sai sun gyara zama. Maƙwabcinsa Maliki ne ƙanen.

Abu ɗaya ya rage a ɗauka, kuma mai sauƙi. Maliki zai biyo ta gefen gona ya yi sallama, Kawu Kassimu yana ɗaurin damin gero ya ɗago ya dube shi, ya ƙi amsawa. Shi ke nan fa.

Maliki ya taho. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah," in ji Kawu, har da faɗaɗa murya.

Ashraf ya ce a yanke, ya sake bayani da ladabi. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce ya gane sarai. Aka sake, ya amsa. Aka kuma, ya cije baki, amma Hafiza da ta jawo fuskar kusa tana ganin leɓɓansa suna motsi. Mutumin nan a ciki yake amsawa.

"Baba, ai wasa ne," in ji Ashraf, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Gabar dai wasa ta, ɗana," in ji Kawu. "Sallamar da Maliki ka yi, ta gaskiya ta. Mi za ni ce ma Allah?"

Maliki ya ce to shi zai wuce ba sallama. Ashraf ya ce in babu sallama babu abin ƙi, in babu ƙi babu fim. Ya ce wa Hafiza ta koma bayan tsohon ta ɗauko ƙeyarsa. Ta ƙi. Ƙeyar Kawu ba ta da bambanci da ƙeyar kowa, ba don ita ta sha hanya ba.

Inuwar damman gero ta yi tsawo, direba ya fara ɗumama mota. Hafiza ta bar kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, ta je ta durƙusa gaban Kawu. Tsoro take ji, ba ta kuwa ɓoye ba.

"Kawu, in ranar nan ta faɗi ban samu hoton nan ba, sai na maimaita shekara."

Ya dube ta, ya dubi ranar. Ya ce ta koma wurin abinta.

Maliki ya taho ya yi sallama. Kawu Kassimu ya ɗago. Bakinsa bai motsa ba. Wuyansa ne ya motsa, kamar mai haɗiye tuwo da zafi, idanunsa suka kawo ruwa. Hafiza ta bar kyamarar a kansa har Maliki ya yi nisa. Ba ta taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, ta kuma san ba wasa ta ɗauka ba.

Kafin Ashraf ya rufe baki da cewa a yanke, tsohon ya watsar da igiya ya bi Maliki da sassarfa cikin kara, ya kamo hannunsa da hannu biyu, ya amsa masa sallamar har ƙarshenta. Maliki yana dariya, shi ba ya yi.

Suna loda kaya Kawu ya zo jikin tagar mota, wajen da Hafiza take zaune.

"Ɗiyata, in anka nuna shi can, ki shaida ma mutane na amsa daga baya."

Fim ɗin a kan shirunsa zai ƙare, sai allo ya yi baƙi, sai sunaye. Ta ce, "To, Kawu." Direba ya ja mota.